Tudun da Na Kwashe

Dattawan ikilisiya sun ba ni zuwa Lahadi. Ko in gyara bakan gizon da ke riƙe da rufin majami'armu, wanda ya tsage, ko su rushe ta su yi ta bulo da kwano kafin ruwa ya sauka. Mahaifina ne ya gina ta da ƙasa da azara, a gefen gonarmu a ƙasar Makoɗa. Sau uku ina cike tsagar, tana sake buɗe baki. Raina ya gama ɓaci, dabara ta ƙare mini.

'Yata Keziah ce ta ce, "Baba, ka je birni ka ga tsohuwar cocin nan ta dutse. Nata bakan ya fi namu faɗi, bai taɓa motsi ba."

Na je ranar Juma'a. Na tuɓe takalmi a ƙofa, mai gadin, Joel, yana ta yi mini dariya. Da na ɗaga kai sai da hulata ta faɗi. Bakuna shida a jere, kowane dutse ya rungumi ɗan'uwansa, haske na sauka ta gilasai ja da shuɗi. Kyan ya burge ni, ya kuma ƙona mini rai. Ina ni ina dutse? Na karci bango da farce, na shinshina, ban samu komai ba.

Da na fito zan tafi, Joel ya ce, "Malam, ba ka ga baya ba."

A waje, daidai gindin kowane baka, ga wani gini mai kauri ya tokare bango.

"Wannan ado ne?"

"Ina! Bakan turo bango yake waje. Ka cire wannan, ka ga aiki."

Mu ma muna da irinsa: wani mummunan tudun ƙasa da mahaifina ya manna a bangon gabas. Shekara talatin ina jin kunyarsa, ina cewa ragowar kwaɓi ce tsoho ya yi ƙyuyar kwashewa. Bara, da bikin Keziah, ni da kaina na sa diga na share shi don baƙi su samu wurin ajiye babura.

Ban ko yi wa Joel sallama ba. A mota na kira Keziah na ce ta tara kowa a kwaɓa ƙasa.

"Baba," in ji ta, "ai an fara yayyafi."