Gwangwani da Takarar Yayansa

Tun yana yaro ake kiransa Gwangwani, domin kullum yana riƙe da gwangwanin madara da aka shanye. Sai ya kafa baki a ciki ya yi ta karanta labaran gidansu: wa ya fasa kofi, wa ya sha duka, wa ake sa ran zai sha kafin yamma.

Da ya girma ya zama mai aski. Shekara bakwai ya yi a wani shago mai madubi biyu da fanka ɗaya, wadda ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. A nan ya tara muryoyin mutane. Wata rana manajan gidan rediyo ya zo aski, Gwangwani ya shiga kwaikwayon magajin gari yana buɗe famfon da babu ruwa. Manaja ya tuntsire da dariya, kansa ya goce, injin aski ya buɗa masa titi tun daga goshi har ƙeya. Haka ya fita da hular aro, amma washegari ya aiko a kira mai askin.

Shekara ashirin ke nan Gwangwani yana da shirin safe, daga bakwai zuwa takwas. Direbobi suna rage gudu don su ji shi, masu shaguna suna ƙure murya. Kowace jam'iyya ta taɓa rantsuwa cewa ɗan ɗaya ɓangaren ne, kuma kowacce ta taɓa aiko masa da hularta. Yakan ba maigadin gidan rediyon, wanda yanzu yake da hula ta kowace rana.

Idan aka matsa masa da tambayar ra'ayinsa, amsarsa ɗaya ce.

"Ni ba ni da jam'iyya. Duk wanda ya ce mu ba shi kujera, to ya ba ni izinin in yi masa dariya. Idan ba zai iya jure minti biyar a rediyo ba, yaya zai jure shekara huɗu da mu?"

Ba ya taɓa mai talla, ba ya taɓa mara lafiya. Masu neman mulki kuwa, ko tarinsu bai bari ba.

Sai ga shi wata shekara yayansa ya fito takarar kansila. Yaya malamin lissafi ne da ya yi ritaya, mutumin kirki, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Aibinsa guda: idan ya yi gyaran murya ya ce "a taƙaice," to mai hankali ya nemi wurin zama.

Inna, mahaifiyarsu, ta aika a kira Gwangwani. Ya same ta a kujerarta ta bakin taga, rediyonta a cinya.

"Ka ji yayanka ya fito?"

"Na ji, Inna."

"To, bakinka ya fita daga kansa. Shi ya goya ka lokacin da kake ƙyanda. In na ji muryarsa ta fito daga bakinka, ni da kai ne."

"Inna, aikina ne fa."

"Ni kuma na haife ka kafin aikin."

Ya ce to. Mako uku ya yi yana yi wa 'yan takara shida wankin babban bargo, na bakwai kuwa ko sunansa bai ambata ba. Manaja ya fara leƙowa ta gilashin ɗakin watsa shiri yana ɗaga masa yatsu bakwai. Gwangwani ya riƙa yin kamar yana gyara abin sauraron da ke kunnensa.

Ran nan da safe, saura minti goma a fara shiri, ya tarar da Yaya a kan bencin baranda, ya rungume jakar takardunsa, fuskar nan a murtuke.

"Yaya, lafiya? Inna ce?"

"Inna lafiyarta lau. Kai ne matsalata." Ya cire tabarau ya goge. "Jiya na je tashar mota yin jawabi. Na hau kan benci, na gaishe su. Wani direba ya tambaye ni ko maganin basir nake sayarwa. Na ce ni ɗan takara ne. Ya ce ƙarya ne, 'yan takara shida ne, duk sun ji su a shirinka."

Gwangwani ya danne dariya har ƙirjinsa ya yi zafi.

"Wancan mai gidan man da kake kwaikwayon atishawarsa," in ji Yaya, "yara suna bin motarsa suna atishawa, shi kuma yana ɗaga musu hannu. Kowa ya san shi. Ni da muka fito ciki ɗaya ka binne ni da rai."

"Inna ce ta hana."

"Inna ba ta tashi sai tara. Ka ɗan taɓa ni kaɗan."

"Yaya, ni ba ni da kaɗan."

"To taɓa yadda ka saba. Zan zauna in ji."

Aka kunna jar fitila, alamar shiri ya fara. Yaya ya zauna a kujerar baƙi ya harɗe hannuwa. Gwangwani ya matso da bakinsa, ya yi gyaran murya irin ta Yaya, ya ce, "Jama'a, a taƙaice." Daga nan ya shiga bayanin yadda za a gyara kwatar unguwa, ya fara daga tarihin ruwan sama, ya bi ta kan ma'anar kalmar kwata, ya raba masu sauraro gida uku ya ba su aikin gida. Mai kula da na'urori ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Yaya kuwa yana ta gyaɗa kai, don shi a ganinsa bayanin ya yi ma'ana.

Aka buɗe layin waya. Kira na farko, sai muryar tsohuwa ta cika ɗakin.

"Kai, Gwangwani."

Gwangwani ya miƙe tsaye bai sani ba, wayar abin kunne ta fizgo shi ya koma.

"Inna, muna kan iska fa. Duk gari na ji."

"Su ji. Na hana ka, ka yi. To tunda ka yi, ka yi daidai mana. Sau biyu yake gyaran murya, kai ka yi ɗaya. Kuma ka manta yadda yake ɗaga yatsa kamar mai gwada iska."

"Inna!" in ji Yaya.

"Au, kana nan? Madalla. Jama'a, wannan ɗan nawa surutu ne da shi, amma bai taɓa cin abin wani ba. Yana ɗan shekara goma ya tsinci agogo, ya yi kwana uku yana bin gida-gida. Da ya sami mai shi, ya tsare shi da bayani har mutumin ya ce ya riƙe agogon. Tsoronsa ɗaya a duniya, agwagwa."

Yaya ya fizgo makirfon don ya kare kansa game da agwagwar. Ya ce abin ya faru ne sau ɗaya, kuma agwagwar ba ta da cikakken hankali. Bayanin ya cinye sauran shirin, ya cinye tallar sabulu, ya shiga cikin labaran ƙarfe takwas da minti shida. Manaja ya tsaya a bakin ƙofa, ya rasa ko ya kashe ko ya bari, domin duk layukan waya sun cika da masu kira.

Daga ranar, duk inda Yaya ya je sai yara su bi shi suna kukan agwagwa, manya kuma su ce, "Malam, a taƙaice!" Ya koyi ɗaga musu hannu. Mutane suka fara tsayawa su saurare shi, da farko don dariya, daga baya don sun lura shi kaɗai ne ya san yawan kwatocin unguwar da inda kowacce ta toshe.

Ya ci zaɓen da ƙyar. Wata tela mai shago a bakin kasuwa ce ta zo ta biyu, tazarar masu zaɓensu ba ta kai cikin motar haya biyu ba.

Bayan kwana biyu suka haɗu a ɗakin Inna. Yaya ya jawo ƙanensa gefe, ya rage murya.

"Tsakanina da kai, ni ka zaɓa ko?"

Gwangwani ya sosa ƙeya. "Yaya, telar nan na zaɓa. Tsarinta na asibitin unguwa ya fi naka. Kai ko ambatonsa ba ka yi ba."

Yaya ya dubi ƙanensa. Ya cire tabarau, ya duba zaren, ya mayar.

"Na karanta takardarta," ya ce. "Gaskiya ya fi nawa." Ya buɗe jakarsa ya ciro biro. "Ka san shagonta? Gobe ka raka ni, in roƙe ta ta ara mini shi."

"Zan raka ka. Amma ni zan yi maganar, don tana da ɗinki a gabanta."