Tsimin Mwatima

A ƙauyen Jambiyani da ke gaɓar tsibiri, idan teku ta janye da safe, mata ne ke bin bayanta. Mboja ta buɗi ido ta iske yayarta Mwatima cikin masu bin, da ta tasa ita ma ta bi sahu. Sukan kafa turaku a yashi, su ja igiya, su ƙulla mwani a jiki, ciyawar tekun da ake shanyawa a sayar wa 'yan kamfani. Da mwani Mwatima ta riƙe ɗanta Kheri bayan rasuwar mijinta, har ya yi karatu ya samu aiki a Tanga.

Sai ruwan bakin gaɓa ya fara zafi. Mwani ya riƙa yin fari yana karyewa tun bai isa tsinka ba, masu saye kuma ko kallonsa ba sa yi. Mata da yawa suka naɗe igiyoyinsu suka koma toya waina da wankau a otal-otal. Mwatima ba ta daina fita ba. Takan ɗebo ruɓaɓɓen a kwando ta jibge bayan ɗakinta, ta ce ba ta iya barin wahalarta a teku. A gefen jibgin nan wata kabewa ta fito da kanta, ta yi yaɗo har kan katanga, alhali ƙasar wurin duk dutse ce. Daga nan Mwatima ta samo duro ta cika da mwani da ruwa, ta rufe.

Warin ya cika unguwa. Maƙwabta suka sa ta a gaba da tsiya, wata ta ce ashe da sauran Mwatima, da furfurarta take haɗa tsimi. Mwatima ta ce tsimi ne kam, amma na tumatir, wadda mijinta ya yi yaushi ta kawo shi a zuba masa. Sunan ya bi abin.

Pandu mijin Mboja yana da 'yar gonar tumatir can cikin duwatsu. Mboja ta yi ta roƙonsa har ya yarda a gwada a layi ɗaya, Mwatima kuwa don zumuɗi ta zuba wa rabin gonar. Kafin mako ya zagayo ganyen ya ƙone ƙurmus. A gida Pandu ya ce wa Mboja kada ya sake ganin duron nan ko a mafarki. Mwatima ta je gonar ta tsuguna, ta shafa busassun ganyen, ta ɗebi ƙasar ta ɗanɗana. Ta ce gishiri ne. Ta je har gida ta ba Pandu haƙuri, ta kuma ci gaba da abinta.

Da damina ta sauka ta tari ruwan indararo ta wanke mwani sau da yawa, ta yayyanka, ta tsima, ta tace da tsohon zane, ta sirka sosai. Wannan karon a tsofaffin bokitai ta shuka alayyafo. Wata safiya Mboja ta shigo ta tarar da ita tana ban-ruwa, amma ruwan a ƙasa yake zuba, gefen bokiti. Ta tsaya tana kallo, Mwatima ta matsa bokiti na gaba ta sake yin haka.

"Yaya, tun yaushe?"

Mwatima ta ajiye butar. Ta ce an jima ganinta na raguwa, da farko gefe-gefe ne ya dushe, yanzu kamar ta cikin kara take leƙen duniya. Ta ɗauka hasken rana ne a kan ruwa, wanda kowace mai mwani ke kuka da shi. Ta hana Mboja gaya wa Kheri, ta ce a bari alayyafon ya nuna halinsa tukuna.

Mboja ta zama idonta. Kullum takan zo ta gaya mata wane bokiti ne ya fi kore, wanne ya yi ɗorawa-ɗorawa, Mwatima na laluben ganyen tana cewa a ƙara ruwa ko a rage tsimi. Alayyafon ya yi faɗin tafin hannu. Pandu da kansa ya zo da galan, yana sosa ƙeya, ya ce an aiko shi. Mwatima ta tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce tumatir. Wata malamar gona ta zo daga birni ta ɗebi samfuri, ta dawo ta nuna musu yadda za su auna kada ya yi yawa. Matan da suka naɗe igiya suka fara dawowa, aka yi rumfa aka jera duro, manoman cikin tsibiri suka soma zuwa da jarkoki a kan keke.

Ranar da Mwatima ta faɗa ramin dutse ta fasa goshi, Mboja ta kira Kheri. Ya zo ya ɗauke uwarsa zuwa Tanga. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ta mutu, da an zo da wuri da an tsare sauran. Kheri ya yi fushi da Mboja, ya ce uwarsa ba za ta koma ƙauyen da ramuka suka fi hanya yawa ba.

Bayan azumi Mboja ta hau jirgin ruwa ta je duba ta. Ta same ta a wani ɗaki a saman bene, zaune bakin gado, ta rame. Matar Kheri na kula da ita tsakani da Allah, sai dai kowa yakan fita aiki a bar ta da rediyo. Mwatima ta yi ta tambaya: wa ke tace tsimi yanzu, ana wanke gishirin da kyau, ko 'yan matan suna ha'inci. Mboja ta ba ta labarin kowa, ta ce har an fara koya wa yara mata iyo don su kai igiya ruwa mai zurfi inda ya fi sanyi. Mwatima ta yi dariya ta ce da ita ce da ta sha rabin teku. Da dariyar ta lafa ta lalubo hannun ƙanwarta.

"Ki tafi da ni gida, Mboja. Ba sai na gani ba, na san hanya."

Mboja ta yi wa Kheri magana da yamma. Ya ce, "Inna, ke kika ɓoye min ciwonta. Idan ta sake faɗawa rami wa zan kama?" Da Mboja za ta tafi ta ce wa Mwatima sai bayan babbar salla za ta dawo ta ɗauke ta, Mwatima ta ce to.

Mwatima ba ta kai sallar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kheri ya bugo waya da hantsi, Mboja na rumfa tana cika jarkoki, kuma kafin a samu jirgi an riga an kai ta makwancinta a can. A ƙofar ɗakin Mwatima aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa. Manoma suka zo daga ƙauyukan da Mboja ba ta taɓa takawa ba, wasu ma ba su san fuskar mamaciyar ba, suka yi addu'a suka tafi. Bayan an share makoki matan rumfa suka aiko a tambayi Mboja ko su buɗe duro, don wasu sun isa tacewa. Ta ce su buɗe. Ita kam sai da wata ya kusa ƙarewa ta iya komawa rumfar.