Wadda Ke Kusa da Taga

Shekarar da anka ɗauki Mushe Manzo, wato Malam Manzo da faransanci, gwajin koyarwa a lakwal, makarantar ƴan mishan ta Filinge, ba gicciyen da ke bangon aji ne ya dame shi ba. Yaran kusan duk Musulmi ne, azahar na yi ake sakinsu su yi salla. Abin da ya hana shi sakat shi ne ƙa'idar Maser Odil, sistar coci da ke shugabantar makarantar, wata doguwar mata da ta zo daga ƙasashen bakin teku. Ita a wurinta karatu ba daga littafi yake farawa ba. Ta ce Allah ya san kowane yaro da sunansa, don haka malami ma dole ya kira yaro da sunansa, in ya yi abin kirki ya yaba masa gaban jama'a. Ba bulala, ba "kai can".

Manzo ya ce wannan ai ba wani abu ba ne. Sai anka raba azuzuwa, anka ba shi ajin da Basiratu take, ɗiyarsa ta fari.

To, Manzo mutumin Kurfai ne gaba da baya, kuma a gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, balle ya yabe shi. Kunya ce, haka anka taso. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba. A gida "ke" ce, in ta yi nisa "ku kira mini waccan". A aji sai ta zama "wadda ke kusa da taga". Ranar da ta canza wurin zama, sai da ya maida ita bakin tagar don kada ya rasa abin kira.

Ga yarinya kuma Allah ya ba ta kai. Kafin ya rufe baki hannunta na sama, shi kuwa ya yi ta leƙen bayanta yana neman wani. In ta yi dikte, wato shifta, babu kuskure, sai ya ɗan rage mata maki, kada a ce ya so nasa.

Maser ta lura, ta kira shi zuwa ofishinta.

"Mushe, me Basiratu ta yi maka? Ba ɗiyarka ba ce?"

Manzo ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "Haka mutane ka faɗi, Maser."

Wannan amsa ita ta ƙarasa shi. Maser ta ce malamin da ke ƙin ɗiyarsa ba za ta damƙa masa ɗiyan mutane ba. Ranar Litinin za ta shigo ajinsa. In bai kira yarinyar da suna ya yaba mata ba, gwaji ya ƙare, ya nemi wani wuri. Da ya yi bayani da an wuce wurin, amma bayanin sai ya haɗa da cewa yana son ɗiyar, wannan kuwa ya fi sunan nauyi.

Ranar Lahadi, mutane sun nufi kasuwar Baleyara, shi ya nufi gonarsa ya shige tsakiyar gero yana gwaji. Ya kai "Basi..." ke nan sai ga wani Bafillace da shanunsa ya yi masa sallama. Manzo ya ɓige da tari, ya ce tsuntsaye yake kora.

Litinin Maser ta zauna can baya. Ya rubuta lissafi a allo, hannu ɗaya tak ya tashi, kusa da taga. Manzo ya bi sauran yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa har da na ubansa, ko Allah zai sa wani ya cece shi. Ina, duk sunka sunkuyar da kai. Dole ya nuna taga da alli. Basiratu ta fito ta warware lissafin tsaf, ta koma ta zauna.

Manzo ya juya musu baya, ya kama shafe gefen allon da babu komi a kai.

"Wanda duk ya yi aikin ga ya iya," in ji shi.

"Wa ya yi shi, Mushe?" in ji Maser.

Manzo ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa allo, da allon ya yi magana.

"Basiratu ta yi shi. Kuma duk ajin ga babu kamatta."

Basiratu ta waiga baya ta ga wace Basiratu ake nufi. Da ta gane ita ce, sai ta ja kallabi ta rufe fuska, ta fice da gudu, ta bar takalmi ɗaya a bakin ƙofa. Yara sunka kwashe da dariya. Da Manzo ya juyo, fuskarsa ta yi fari fat, don da tsumman allo ya share idanunsa.

Madam Najiba, malamar ajin gefe, ita ta warware wa Maser zancen kunyar ɗan fari. Maser ta riƙe baki, ta tabbatar wa Manzo da aikinsa a ranar. Washegari ta kira Basiratu ta ce za ta maida ita ajin Madam Najiba, ita da babanta kowa ya huta.

Yarinya ta daɗe tana haƙa ƙasa da yatsan ƙafa.

"A bar ni wurin taga, Maser," ta ce. Ta kai ƙofa, ta tsaya ba ta juyo ba. "Yaushe za ki sake shigowa ajinmu?"