Kulocin Dattijuwa

Ranar da Dattijuwa ta daki ginshiƙin ƙofar gida, Direba ya fi ginshiƙin jin jiki. Dattijuwa mota ce, tsohuwa mai launin madara da doguwar sandar giya, ta girmi duk 'ya'yan gidan. Direba kuwa shi ne mai ita. Ya yi aikin tuƙi har kansa ya yi fari fat, ya ajiye aikin, amma sunan ya ƙi ajiye shi. Da safen nan ya taka kuloci zai sa ribas, giya ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya danna ta da ƙarfi, motar ta zabura baya ta fasa fitila a jikin ginshiƙi. Jikarsa na wasa dab da wurin. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Da yamma babban ɗansa, mai walda, ya zo ya durƙusa a gabansa. Mutum ne mai ladabi, shi ya sa maganar ta fi zafi.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙafar nan ta hagu ba kamar da take ba. Muna ganin yadda kake jan ta in ka tashi. Yau fitila ce, gobe fa?"

Ya miƙe ya zare makullin motar daga ƙusar da ke bayan ƙofa, ya sa a aljihu. Direba, wanda bakinsa ba ya mutuwa ko a gaban ɗan sanda, ya bar shi ya fita da makullin. Ya daɗe yana jin giya na yi masa gardama, kuma shi ma a ɓoye ƙafar yake zargi. Tsoron kada zargin ya tabbata ne ya hana shi ko ɗaga bonet.

Sai ya zama mai zaman tsakar gida. Matarsa, wadda unguwa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta da ba ya hutawa, ta koma shiga tasi in za ta asibiti ko sayen zare. Duk fitar da za ta yi sai ya kalli ƙusar nan da ba komai a jikinta, ransa ya ɓaci. Baƙin ciki yake yi sosai, irin na mutumin da aka ce masa aikinsa a duniya ya ƙare alhali bai ji ya gaji ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce ta ƙi yarda. Matar aure ce da 'ya'yanta, tana sayar da kayan gyaran mota a wani shago, kuma a ƙarƙashin Dattijuwa ta koyi sunan kowace sifana kafin ta iya ɗaura ɗankwali. Ta zo ranar hutunta da rigar aiki a jaka da makulli a hannu.

"Na karɓo daga wajen Yaya, bisa alkawarin ba za ka tuƙa ba. Baba, kai ka koya mini kada a yanke wa mota hukunci sai an saurare ta. To ita ƙafar taka wa ya saurare ta?"

"Ke dai ba kya rabo da surutu," in ji shi, amma tuni ya fara laluben takalminsa.

Ta shiga ta tayar da injin, ta taka kuloci da ƙafarta mai ƙarfi, ta nemi ribas. Ƙarar nan ta tsakuwa ta cika gida, har Tela ta tsayar da kekenta. Auta ta leƙo ta taga tana dariya.

"Ashe ni ma na tsufa!"

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Direba, amma ya ƙi sakin jiki. Mota na iya lalacewa, ƙafa ma ta lalace, ɗaya ba ya wanke ɗaya.

Suka fara daga sama, yadda ya saba. Auta ta danna fedar kuloci da hannu don ta ji wasan da take yi kafin ta fara cijewa. Kamata ya yi ta tafi kamar faɗin babban yatsa, sai ga ta tana lilo wajen yatsu uku. Suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta da kyau, Auta ta shige ƙarƙashi. Shi yana tsugune yana miƙa mata sifana, aikin da ita ta yi masa a da, yana kuma ba da umarnin da ba ta buƙata. Ta sassauta notin sandar da ke haɗa feda da kuloci, ta ƙara mata tsawo, ta ɗaure.

"Baba, girgiza mini sandar giya."

Ya girgiza. Sandar ta yi ta yawo kamar ludayi a cikin ƙwarya. Auta ta turo hannu daga ƙarƙashi, tafin cike da ɓurɓushin baƙar roba.

"Ga bushin da ke riƙe ƙarafan giya. Ya zama gari. Na zo da sabo, dama na yi zargi."

Ta sa sabon, ta shafa giris, suka sauke mota. Sandar giya ta tsaya cak, ta ɗaya da ta biyu suka fara shiga ba dambe. Amma da ta nemi ribas, ƙarar ta dawo, ta ragu dai amma tana nan. Direba ya san ribas ba ta ƙarya: muddin tana ƙara, kuloci bai gama saki ba. Abin da ya rage shi ne a sauke akwatin giya, kuma wa zai samo faifan kulocin motar da masu ƙera ta ma suka manta da ita? A ransa ya hango Dattijuwa a kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Auta ta kashe injin, ta sake ɗaga motar.

"Alkawarin tuƙi na yi wa Yaya, ban yi na zama ba. Shiga ka taka mini, in ga iyakar tafiyar sandar daga ƙasa."

Ya shiga da ƙyar, kamar mai shiga jarrabawa. Ya taka.

"Ƙara, Baba! Ba ta kai ba."

"Na taka iyakata."

"Ka kai ƙasa?"

Ya buɗe baki zai ce ya kai, sai ya fasa. Ya saki, ya sake takawa a hankali, yana saurare da tafin ƙafarsa. Tun ranar da ya sayi motar nan, in feda ta kai ƙasa takan buga ƙarfe ta ce ƙwas. Yanzu ba ƙwas. Wani abu mai laushi ne ke tarbar ta, kamar an taka burodi. Yaushe rabon da ya ji ƙwas ɗin nan? Ya sunkuya ya ɗaga robar shimfiɗar ƙasa.

A ƙarƙashinta ga wani matashi mai kauri, an ɗinka shi da ƙyallaye kala-kala, ɗinki mai kyau layi-layi, ya zame gaba ya cushe daidai inda feda ke sauka. Direba ya zaro shi ya juya. Ya gane yadin tsohuwar rigarsa, ya gane labulen falo na da. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Tela na tsaye a bakin ƙofa, almakashi a hannu. Da ta ga abin da ke hannunsa sai ta dafe ƙirji.

"Malam, ba kai ka yi ta cewa zafin salansa na gasa maka dunduniya ba? Na ɗinka na sa maka a ƙasan roba. Ka sake ƙorafi, na ƙara masa kauri. Ka sake, na ƙara." Ta ajiye almakashin, hawaye na zubo mata. "Ashe ni na raba ka da motarka? Ashe da hannuna na kusa jawo wa yarinyar nan..."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?" in ji Auta, tana fitowa da baƙin mai a goshi.

"In faɗa wa wa? Mutumin da ko tsintsiya ba ya yarda a sa wa motarsa?"

Direba ya so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Dariya ce ta zo, da ƙwalla a bayanta. Dunduniyar ta daina zafi tun tuni, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Share hawayenki," ya ce. "Ɗinkinki ba shi da laifi, wurin zama ya ɓata. Ki rage shi, Auta ta ɗaure shi da ƙusoshi a wajen dunduniya, inda ba zai sake yawo ba."

Auta ta sake gwadawa. Feda ta ce ƙwas, ribas ta shige shiru kamar wuƙa a kube.

Da mai walda ya zo aka nuna masa matashin, ya yi ta jinjina kai, amma bai ce an gama magana ba. Direba ne da kansa ya kama sitiyari, ya ce masa ya shigo ya zauna a gefensa. Suka zaga unguwa, suka tsaya a kan tudu suka tashi ba tare da motar ta zame ba, suka dawo ya shiga gida da baya, ya wuce ginshiƙin nan salin alin. Ya kashe injin, ya zare makulli ya riƙe.

"Ba ka yi laifi ba," ya ce wa ɗansa. "Ƙafar tana ja, na fi ka sani. Wata rana za ta gaza. Ranar nan ni zan kawo maka makullin har shagonka da hannuna. Ka bar ni in ba ka, kada ka ƙwata."

Mai walda ya sunkuyar da kai.

"Na ji, Baba."

Direba ya shiga ya rataye makullin a ƙusarsa. Ko hannunsa bai sauke ba sai ga Tela da mayafi a kafaɗa da jaka a hannu.

"Kada ka wahalar da ƙusar, Malam. Zare ya ƙare, kuma na gaji da direbobin tasi."