Farin Zaren Sitt Ni'imat

Bibbiyu Mardiya take tsallake matakalar benen, kwat ɗin a rataye a hannunta, don ba ta da haƙurin jiran lif. Wata huɗu tana ɗinkin rigar nan ta ulu mai ruwan toka a gaban Sitt Ni'imat, tsohuwar da ke hawa na biyar a gidansu na unguwar Dokki a Alƙahira, yau kuma ta gama. Har guga ta yi mata da safe, irin wadda ake yi wa shaddar ango a Zariya. Kwala ta kwanta luf, kari ya fito kamar bakin wuƙa.

Sitt Ni'imat ta haura tamanin. Tana 'yar sha biyar ta shiga wani gidan ɗinki a tsakiyar Alƙahira, zamanin da matan manya kan zo a gwada musu sau uku kafin a ba su kwat da siket ɗaya. Mardiya kuwa tela ce tun daga gida, aikin mijinta Badamasi a ofishin jakadanci ya kawo ta, kuma da ji-da-kanta ta zo. A yini ɗaya tsohuwar ta sauke mata shi. Abin da Mardiya take nema yanzu guda ne: tsohuwar ta zare mata farin zaren rigar. A wancan gidan ɗinkin, riga ba ta kammalu ba sai shugabar ɗaki ta zare farin zaren da aka kama yadin da shi, da hannunta. Sau shida Mardiya na ɗora hannun rigar nan, sau shida ana farke shi.

A gado ta tarar da Sitt Ni'imat, 'yarta Suhair na ba ta shayi. Idon tsohuwar ya daɗe da rauni, da yatsu take gani. Ta shafa kafaɗa ta gyaɗa kai, ta bi hannu ta sake gyaɗawa, zuciyar Mardiya kamar ta fito don murna. Sai yatsun suka iso kwala, suka tsaya.

"Wa ya kashe ta?"

Mardiya, baiwar Allah, har da murmushi ta ce ai ita ta goge ta.

"Kwala ba a karya ta, ya binti, naɗewa take yi da kanta. Ɗinki dubu kika yi a bayanta don ta lanƙwasa, sannan kika danne ta da ƙarfe."

Kunya ta rufe ta. A bakin ƙofa Suhair ta ƙara mata da wanda ya fi: likita ya ce zuciyar mahaifiyarta ta gaji, kada su sa ran makonni. Da ta sauko, Badamasi ya ɗaga rigar ya ce shi dai bai taɓa ganin ta yi kyau kamar yau ba. Harara ɗaya ta yi masa, ya nemi takalminsa.

Ba ta zauna kuka ba. Ta kinkimi dutsen guga da tawul ta koma sama, ta tambaya ko ana tayar da matacciyar kwala. Abin mamaki, tsohuwar da aka ce ta gaji sai ga ta zaune, a jera mini matasai, a buɗe taga, yalla! A jiƙa ƙyalle, a naɗe tawul a cusa ƙarƙashin kwalar, dutse ya ba da tururi amma kada ya kuskura ya taɓa ulu. Ɗakin ya cika da warin tunkiyar da ruwa ya daka. Tsohuwar tana faɗa tana ba da labarin matar wani fasha, babban mai sarauta, da ta ƙi numfashi a wurin awo don ƙugunta ya ragu, har Suhair ta yi dariya da hawaye.

Kwana uku suna haka, a turara, a bar ta ta bushe, a sake. Kullum karin na ɓacewa kaɗan, kullum Mardiya na hawowa da fargabar abin da za ta tarar.

Ran na uku da hantsi ta saka rigar a kan abayarta, ta durƙusa gaban gadon. Yatsun suka bi kwalar daga wuya zuwa ƙirji, suka koma, suka sake bi.

"Tamam," in ji tsohuwar. "Ba ni allura."

Ta zare zaren kwala, ta zare na kafaɗa, ta zare na hannun dama, tana tara su a farantin shayi. Sai numfashinta ya yi nauyi. Ta ce ma'alish, a yi haƙuri, na hagu sai ta ɗan huta.

Mardiya ta sauka da gudu tana kiran Badamasi a waya, ta ɗora dambu don ta kai sama a yi murna. Yana kan wuta Suhair ta ƙwanƙwasa ƙofa, bayan la'asar kaɗan, ta ce mahaifiyarta ta cika.

Da aka share makoki Suhair ta sauko da rigar, ta ce bari ta ƙarasa zarewa, minti ɗaya ne. Mardiya ta riƙe mata hannu ta girgiza kai. Ta rataye rigar a ƙofar wadirob, farin zaren na bin hannun hagu daga kafaɗa har wuyan hannu, bakinsa na lilo kaɗan a iskar taga.