An Ɓoye Nas a Ɗakin Wanki

Verlene Greenidge tana cikin gyara gadon wani majinyaci sai shugabar nas-nas ta tsaya a kanta.

"Bar wannan. Mista Hallam zai zagaya ɗakin nan da mai hoto. Shiga ɗakin wanki har ya fita."

Verlene ta san shi. Babu baƙar fata a Birmingham da bai san shi ba: ɗan takarar da ke yawo yana cewa a mayar da baƙi inda suka fito.

"Laifin me na yi, Sista?"

"Babu. Gudun magana ne kawai."

A ɗakin wankin ta tarar da Anti Pearlie, mai shara 'yar Jamaika, zaune a kan kifaffen bokiti.

"Ke ma an ɓoye ki? Zo, 'yata. Yau mu ne tsumman gidan, baƙo ya zo an cusa mu ƙarƙashin gado."

"Anti, har Barbados fa suka je nemanmu!" in ji Verlene. "Wai yaƙin duniya ya cinye musu ma'aikata, wai Ingila uwa ce tana kiran 'ya'yanta. Na bar ɗana yana rarrafe. Yanzu ya shiga makaranta, ko muryata bai sani ba."

"Nawa mijin fa? Ya yi musu yaƙi a jirgin sama, ya dawo suka hana shi ɗakin haya. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta."

Ta bayan ƙofa suna jin Hallam yana jawabi, wai baƙi sun cika asibitoci har 'yan ƙasa sun rasa gado. Ana tafa masa. Can ƙarshen ɗaki wani tsoho da ba ya iya tashi ya fara kira.

"Nas! Fo, don Allah! Nas!"

Ba wanda ya motsa. Nas-nas Turawa duk sun jeru don hoto.

Verlene ta ɗauki fo, kaskon bayan gida na majinyata.

"Za su kore ki," in ji Pearlie.

"Su kore ni, su ɗauke masa da kansu."

Ta buɗe ƙofa ta miƙe tsakiyar ɗakin. Hallam yana tsaye a kan hanya, hannunsa a sama.

"Matsa, ranka ya daɗe. Ka tare mini aiki."

Ya dube ta, ya dubi fon, ya matsa.

Shugabar ta biyo ta, fuska ta yi jawur. "Ofishina. Yanzu."

"In na gama, Sista."

Verlene ta ja labule, ta tallafo tsohon, yana kuka don kunya. Da ta fito riƙe da fon a rufe, mai hoto ya sauke na'urarsa yana jiran ta wuce. Verlene ba ta ƙara sauri ba, ta wuce a hankali.