Kambun Sha'aban

Sha'aban kurma ne, amma duk Azare babu mai buga ƙwallo kamarsa. Sai dai alƙalin wasa zai busa usur kowa ya tsaya, shi yana ta gudu, 'yan kallo suna dariya.

Abin ya ishi yayansa Umara, mai gyaran wayar salula. Ya ciro ɗan injin da ke sa waya karkarwa, ya haɗa da rimot ɗin babur, baduku ya ɗinke injin a fata kamar kambu, aka ɗaura wa Sha'aban a damtse.

Ranar wasa da Katagum, alƙali ya busa, Umara ya danna rimot, kambun ya yi karkarwa. Sha'aban ya tsaya cak, dafe da damtsensa, baki buɗe.

Filin ya yi tsit.  Yau ƙanin Umara ya ji usur.